Hattara: "Yana Cikin Kwamfuta" Ba Ajiya Ba Ce

A daren 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi a babbar cibiyar kwamfutocin gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Ma'aikata na cikin aikin sauya wa batura wuri, sai batir ɗaya ya yi bindiga, wuta ta kama. Kafin gari ya waye, ɗaruruwan ayyukan gwamnati da ake yi ta intanet sun tsaya cak. Akasarinsu an farfaɗo da su sannu a hankali, don akwai kwafinsu a wani wurin. Amma akwai wata ma'ajiya mai suna G-Drive, wadda tun 2018 aka ce ma'aikatan gwamnati su riƙa zuba takardun aikinsu a ciki, su daina barin su a kwamfutocin ofis. Wannan ma'ajiya ta ƙone ƙurmus da terabait 858 na bayanai, abin da zai cika wayoyi kusan 6,700 masu gigabait 128, kuma ko kwafi ɗaya ba ta da shi. Da aka tambayi dalili, amsar hukuma ita ce wai ma'ajiyar ta yi girman da kwafe ta zai yi wuya.

Ƙasar Samsung ke nan fa, inda ɗauke wuta labari ne, inda injiniyoyin kwamfuta ba su ƙirguwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa wannan labari ya same mu a daidai lokacin da ma'aikatu da jami'o'i da asibitoci da kotuna ke rige-rigen rabuwa da takarda. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ma ta sa wa ma'aikatunta wa'adin ƙarshen 2025 su koma aiki ba takarda. Wannan ba laifi ba ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma zamanin da fayil ke kwana wata guda tsakanin tebur biyu. Laifin yana cikin wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, mai kwantar da hankalin da bai kamata ya kwanta ba: "Kada ka damu, yana cikin kwamfuta."

Takarda tana jure sakaci

Wanda ya je ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, za a ɗauko masa fayilolin lardunan Kano da Sakkwato da Zariya na zamanin Turawa: rahoton haraji, ƙidayar shanu don jangali, rikicin iyaka tsakanin hakimai. Takardar ta yi ja, gefenta ya tsattsage, wani wurin gara ta taɓa. Duk da haka ido kawai yake buƙata ya karanta abin da aka rubuta fiye da shekara 100 da suka wuce. In gara ta ci shafi uku, saura suna nan. Kuma takarda ba ta ɓoye ciwonta, duk mai wucewa zai ga tana lalacewa, ya yi magana.

Fayil ɗin kwamfuta ba haka yake ba. Kafin ka karanta shi, sai abin da aka ajiye shi a ciki yana da lafiya, sai akwai na'urar da ke karɓar wannan abin, sai akwai manhajar da ta san tsarinsa, sai akwai wuta, sai an san kalmar sirri. Ɗaya ya ɓace cikin biyar ɗin nan, magana ta ƙare. Ba ya kuma yin kashedi. Jiya ya buɗe lafiya ƙalau, yau kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Takarda hatsi ce, a zuba a rumbu a liƙe, a dawo baɗi. Bayanan kwamfuta kuwa dabbar kiwo ce, ranar da aka daina kula da ita, ranar ta fara mutuwa.

Turawan Ingila sun ga wannan da idonsu. A 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka ƙididdige filaye da dukiyar ƙasarsa a wani kundi da ake kira Domesday, aka rubuta shi da tawada a kan fata. Don bikin cikar kundin shekara 900 a 1986, sai BBC ta ce za ta yi na zamani. Mutane kusan miliyan guda suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta, suka tattara hotuna da taswirori da bayanan garuruwansu, aka kashe fam miliyan 2.5, aka zuba aikin a manyan faya-fayan lesa guda biyu. Kafin 2002 na'urar da ke karanta faya-fayan ta kusa ƙarewa a duniya. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka duƙufa, suka ƙera manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, kafin aka ceto aikin. Kundin fata na 1086 kuwa yana nan a ma'adanar tarihi ta Kew a Landan, har gobe ana karanta shi. Na fata ya haura shekara 900, na lesa bai kai 20 ba ya fara shure-shure.

Masana kimiyya ma ba su tsira ba

Wani zai ce ai wannan sakacin 'yan ofis ne, masu bincike sun san darajar abin da suka tara. Ina! A 2013 wani masani a Jami'ar British Columbia ta Kanada, Timothy Vines, shi da abokan aikinsa suka zaɓi maƙaloli 516 na binciken tsirrai da dabbobi da aka buga tsakanin 1991 da 2011. Suka rubuta wa marubutan, suka roƙi abu ɗaya: ku turo mana ainihin alƙaluman da kuka gina bincikenku a kai. Ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar alƙalumansu na nan. Suka kuma gano cewa duk shekarar da ta wuce, damar samun bayanan na raguwa da kashi 17 cikin 100. Dalilan ba wasu na a-zo-a-gani ba ne. Adireshin imel ya mutu. Mai binciken ya sauya jami'a. Bayanan suna cikin ƙaramin faifan da babu kwamfutar da ke da ramin karɓarsa yanzu.

Hukumar NASA, wadda ta kai mutum duniyar wata, ita ma ta sha wannan kunya. A 2009, bayan shekaru ana nema, ta amsa cewa kaset-kaset na asali da suka ɗauki saukar Apollo 11 a 1969 an goge su tare da dubban wasu, an sake naɗar wani abu a kai, don a yi tsimi. Hoton da duniya ke kallo yau kwafin talabijin ne, wanda bai kai na asalin kyau ba. Ba wuta ce ta ci su ba, ba ɓarawo ba. Ma'aikaci ne ya ga kaset a kan kanta, ba abin da ke nuna masa cewa wannan ba na taɓawa ba ne.

Illar wannan ta wuce ɓacin rai. Maƙalar kimiyya da'awa ce, alƙaluman da ke bayanta su ne shaidu. In shaidu suka ɓace, ba mai iya tantance gaskiya daga kuskure, ko kuskure daga ƙarya. Wani gwajin ana iya sake shi in akwai kuɗi, amma akwai awon da sau ɗaya ake yin sa a duniya. Ruwan saman da aka auna a Maraɗi ko Nguru a daminar 1984 ba za a sake auna shi ba har abada. Bayan babban farin farkon shekarun 1970 ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don a riƙa tara irin waɗannan alƙaluma na yankin Sahel. Mai son sanin ko damina na ja da baya, ko wane irin gero zai dace da ƙasar nan shekara 20 masu zuwa, jerin awon shekara da shekaru yake buƙata. In aka sami giɓi a tsakiya, duk ƙwarewarsa ba za ta cike shi ba.

Wani ɓatan ma ya fi muni, don fayil ɗin yana nan, yana buɗewa, amma abin da ke ciki ya gurɓata ba wanda ya lura. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona suka zube daga lissafin hukuma. Dalili? An yi amfani da tsohon tsarin manhajar Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da ya cika, sai ya riƙa yar da sauran shiru, ba a bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da su a kan lokaci ba. A 2016 kuma wani nazari ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin ƙwayoyin halitta masu ɗauke da jadawalin Excel suna da kurakurai, saboda manhajar na ganin sunan ƙwayar halitta kamar MARCH1 sai ta mai da shi kwanan wata. Abin ya kai har a 2020 masana suka sauya wa ƙwayoyin halitta 27 suna.

Sai kuma masu garkuwa da bayanai. A Oktoban 2023 wasu 'yan kutse da ake kira Rhysida suka shiga kwamfutocin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Suka kwashe bayanai, suka kulle saura, suka nemi fansar kusan fam 600,000. Da aka ƙi biya, suka watsa abin da suka sata. Littattafai na nan a jere, amma kundin da ke nuna inda kowanne yake bai dawo intanet ba sai Janairun 2024, sauran ayyuka kuma suka ɗauki lokacin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kada kuma wani ya ce ai na sa a intanet, intanet ba ta mantuwa. Tana mantuwa, da sauri ma. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara 10. Nazarin wani masani, Martin Eve, da aka buga a 2024 ya duba maƙalolin ilimi fiye da miliyan 7, ya tarar kusan kashi 28 cikin 100 ba sa cikin ko ɗaya daga manyan taskokin adanawa. Ranar da mawallafinsu ya rufe shago, sun tafi.

Yadda abin yake a gida

Duk waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da ƙwararru. Mu dubi namu. Malamin jami'a ya shekara 25 yana bin ƙauyuka, yana naɗar hira da tsofaffi, ko yana auna ƙasar noma, ko yana tara sunayen itatuwa da amfaninsu. Duka suna cikin kwamfutarsa ta hannu, kalmar sirri shi kaɗai ya sani. Ranar da ta Allah ta kasance, bayan sadakar arba'in aka raba gado, kwamfutar ta faɗa hannun ɗansa mai shirin shiga jami'a. Yaro ya kai ta kasuwa wurin mai gyara, ya ce, "Oga, ta mahaifina ce, ba mu san lambar ba." Mai gyara ya ce, "Ba matsala, fomatin za a yi mata." Kafin yaron ya sha ruwan leda ya gama, aikin shekara 25 ya tafi, shi kuma ya biya kuɗi yana godiya. Ba wanda ya yi mugunta a nan. Jami'ar ce ba ta taɓa cewa malam ya ajiye kwafi a wurinta ba.

A ofisoshi kuwa, wa bai taɓa jin wannan amsa ba? "Ranka ya daɗe, fayil ɗin yana kwamfutar sakataren da, kuma an yi masa canjin wurin aiki." Umarnin hukuma na yawo a WhatsApp, wasiƙun gwamnati na shiga akwatin imel na kashin kan ma'aikaci, ya yi ritaya ya tafi da su. Ɗalibi ya buga kundin digirinsa a shagon buga takardu, kwafi ɗaya tak a filash, filash ɗin kuma ya zaga kwamfutoci goma ya kwaso ƙwayar cuta. Ƙungiyar agaji ta kawo kuɗi aka yi ƙidayar lafiyar mata da yara a wayoyin hannu, aka buɗe shafi mai kyau. Shekara uku tallafi ya ƙare, ba wanda ya biya kuɗin sabunta shafin, bayanan suka bi iska. Ƙara da zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona na'ura, ka ga abin da ke kashe faifai a Turai cikin shekara goma, a nan ba ya buƙatar haka.

Harshenmu ma yana da nasa ciwon na daban. Kafin tsarin haruffa na Unicode ya game duniya, masu buga Hausa a kwamfuta suna amfani da salon haruffa na musamman, wanda aka ɗora ƙ a mazaunin wata alama, ɗ da ɓ a mazaunin wasu. Muddin salon yana cikin kwamfutar, rubutu zai fita tsaf. Buɗe wannan fayil yau a wata kwamfuta, sai ka ga akwati ko baƙuwar alama a duk inda harafi mai lanƙwasa yake. Littattafai da kundaye da jaridu na wancan lokaci suna nan a haka, kullum kuma masu sanin yadda za a gyara su raguwa suke yi.

Ko fayil ya tsira, ma'anarsa na iya mutuwa. A ce an bar maka jadawalin farashin gero na kasuwanni goma. Kan layi an rubuta "F2", ƙasa kuma lambobi. Farashin mudu ne, ko tiya, ko buhu? Naira ce ko sefa? Wannan 99 da ke ta maimaituwa, farashi ne ko alamar ba a samu amsa ba? Wanda ya tattara ya sani, shi ya sa bai rubuta ba. Bayan shi, jadawalin tarin lambobi ne kawai.

Abin da ya wajaba

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun kawo yau, kimanin shekara 200, ba don an kulle kwafi ɗaya a gafaka ba. Almajirai ne suka yi ta kwafa, kwafi ya tafi Kano, wani Katsina, wani Adamawa, wani Agadas. In takarda ta tsufa a sake juya ta. In an gama a yi muƙabala, wani na karanta asali, wani na bin sabon da ido. Sau da yawa mai kwafa kan rubuta sunansa da sunan mai littafin a ƙarshe. Yawaita kwafi, rarraba shi, sabunta shi, tantance shi, rubuta asalinsa: abin da ƙwararrun adana bayanan kwamfuta ke koyarwa ke nan yau. Taskar GenBank ta Amurka da takwarorinta na Turai da Japan kullum suna musayar bayanan ƙwayoyin halitta, ta yadda in ɗaya ta faɗi biyu na tsaye.

Saboda haka, duk abin da ke da daraja a yi masa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Kwafi biyu a ɗaki ɗaya kwafi ɗaya ne a wurin gobara da ambaliya da ɓarawo. Ɗaya daga ciki kuma a cire shi daga intanet, don ɗan kutse ba ya kulle abin da bai kai gare shi ba.

Kwafin ko-ta-kwana da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai. A Disambar 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar terabait 77, fayiloli kusan miliyan 34 na rukunin masu bincike 14, kuma manhajar da aka ɗora wa aikin yin kwafin ce ta goge su, sakamakon kuskure wajen sabunta ta. Don haka a sa rana a kalanda, a ɗauko kwafi, a buɗe, a gani da ido. Akwai manhajoji na kyauta da ke fitar wa kowane fayil lambar tantancewa, wadda ke sauyawa in ko harafi ɗaya ya motsa. Muƙabalar zamani ke nan, a riƙa yin ta.

A ajiye abu a tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa: takardu a PDF/A, alƙaluma a CSV, hotuna a TIFF, murya a WAV, rubutun Hausa da na ajami a Unicode. Kowane tarin bayanai a haɗa shi da 'yar takardar da ke faɗin wanda ya tattara, yaushe, a ina, da wane ma'auni, da abin da kowace alama ke nufi. Duk 'yan shekaru a kwashe komai zuwa sabuwar na'ura tun tsohuwar na numfashi. Mai binciken da jami'arsa ba ta da taska, ga taskar Zenodo da cibiyar CERN ke gudanarwa tun 2013, kyauta ce. Sai dai bayanan marasa lafiya da sirrin mutane ba a zuba su a fili, sai an cire sunaye, an taƙaita masu gani.

Kuma don Allah, wanda ya yi sikanin tsohuwar takarda kada ya yar da asali. Sikanin na sauƙaƙa karatu, yana rage wa takarda wahalar hannu, amma ba ya maye gurbinta. Haka tsofaffin kaset-kaset na waƙoƙi da hirarraki da wa'azi da ke gidajen rediyo da gidajen mutane: a juye su yanzu tun akwai injin da ke kunna su, a kuma adana na asalin.

Sauran aikin na shugabanni ne, kuma a nan magana take. Adana bayanai ba kwangila ba ce da za a bayar sau ɗaya, a sayo kwamfutoci, a yanke ƙyalle, a watse. Layi ne a kasafin kuɗi na kowace shekara, da ma'aikaci ƙwararre mai suna da albashi wanda in abu ya ɓace shi za a tambaya. Hukumomin da ke ba da kuɗin bincike su hana kason ƙarshe sai an nuna inda aka ajiye bayanai. Jami'o'i su karɓi alƙaluma da muryoyin da aka naɗa tare da kundin digiri. Ma'aikaci kada a sa hannu a takardar sallamarsa sai ya miƙa fayiloli da kalmomin sirri, kamar yadda yake miƙa makullin ofis da na mota. Aikin hukuma ya bi ta imel ɗin hukuma. A kuma rubuta ƙa'idar abin da za a ajiye har abada da abin da za a goge, don wanda ya ce zai ajiye komai, ƙarshenta ba ya samun komai ranar da yake nema.

Bayanan da aka tara da kuɗin jama'a amana ce. A cikinsu akwai takardar filin maraya, da shekarun aikin ɗan fansho, da sakamakon ɗalibi, da hukuncin kotu, da tarihin jinyar majiyyaci. Ranar da suka ɓace, mai hali zai san yadda zai yi, talaka ne za a ce ya kawo shaida. Don haka duk mai riƙe da ofis ko sashe ko ɗakin gwaji ya tara ma'aikatansa cikin makon nan, ya yi musu tambaya uku: kwafi nawa muke da shi, ina yake, yaushe aka gwada buɗe shi? In aka yi shiru ana kallon juna, to, ya sani ba ajiya yake yi ba, sa'a yake ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ware kuɗi, ya naɗa mai alhaki, a fara kwafa tun yau.